Saƙo ga Kawu daga Kolarado: yadda ake sauya wa bindigar farauta ƙota

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. A gaida Inna da sauran mutanen gida. Ka ce in ba ka labarin yadda maharban Amurka ke yi in ƙotar bindiga ta lalace, tunda ka ji na kai tawa gyara. Abin da zan fara faɗa maka shi ne a ƙasar nan ƙarfe araha ne, hannun mutum shi ke da tsada.

Bindigar Winchester Model 70 ce, irin da aka fara ƙerawa a 1936, mai cin harsashin .30-06. Ba yadda ta fito daga kamfani take ba, don mai ita na farko ya sa wani maƙeri ya sauya mata bututu ya sassauta kunama yadda ransa ke so. Na saye ta a hannu saboda farautar elk, dabbar da namijinta ya ɗara gwanki, kilo 300 ba abin mamaki ba ne, kuma babu jihar da ta kai Kolarado yawansu. Ƙotar ta tsage ne a wuya, siririn wurin nan da hannun dama ke kamawa a bayan kunama. Iskar nan a bushe take kamar hunturu shekara zagaye, itace ya motse, ƙarfe ya samu wurin motsi, kowane harbi yana dukan wuri guda har ya buɗe. Ga man bindiga da ya daɗe yana tsiyaya cikin itacen ya ruɓar da shi.

A dokarsu ƙota ba bindiga ba ce. Bindiga ita ce gidan ƙarfen da ke ɗauke da lamba. Shi ya sa kana zaune a ɗaki za ka sayi ƙota ta intanet, a kawo maka har ƙofa. Kamfanin Boyds da ke Dakota ta Kudu yana yin ta katako mai falle-falle da aka manne, kuɗinta bai wuce dala 200 zuwa 300 ba. McMillan na Arizona kuma na zaren gilashi yake yi, ta ninka wannan kuɗi biyu ko uku, ruwa da sanyi ba sa yi mata komai. In don a sami nama ne kawai, wallahi waɗannan sun isa, kuma mafi yawan maharban da nake haɗuwa da su a dutse su suke riƙewa.

Amma bindigar da aka sauya wa bututu ba ta zama daidai cikin ƙotar kamfani, don haka na je wurin masassaƙin ƙota. Sana'a ce mai zaman kanta, har makarantarta akwai a garin Tirinidad na jihar nan, tun 1947 ake koyar da ƙirar bindiga a can, kuma manyansu suna da ƙungiya tun 1983. Kafin ya karɓi bindigata ta kwana a shagonsa sai da ya rubuta lambarta da sunana a littafi, don lasin gwamnatin tarayya yake aiki da shi.

Bai fara da itace ba, da ni ya fara. Ya auna daga kunama zuwa kafaɗata, ya ce yawancin ƙotocin kamfani inci 13 da rabi ne, ni kuwa hannuna ya fi haka. Ya sa na saka rigar sanyin da zan shiga daji da ita, na rufe ido na ɗaga bindiga, na buɗe, ya duba ko idona ya faɗa daidai kan madubin hange. Ya auna kuncina, ya auna tafin hannuna. Daga nan ya kai ni ɗakin katako.

Kawu, nan ne na so a ce kana kusa. Gumagumai ne jere na itacen walnat, kowanne an rubuta masa shekarar da aka sare shi, an toshe bakinsa biyu da kaki don kada ya bushe da gaggawa ya tsage. Akwai baƙin na Amurka, akwai na Kalifoniya, akwai na Turkiyya da ya fi duka daraja. Ba ya taɓa gungumen da bai shekara uku zuwa biyar a inuwa ba, kuma yana da na'urar da yake dangwalawa ta faɗi yawan danshin da ya rage. Mai kyan zane yana haura dala 1,000 tun ba a sa masa ƙarfe ba. Shi kuwa ba zanen ya fara dubawa ba. Jijiyar itacen yake bi da yatsa, ya ce dole ta miƙe ta ratsa wuyan ƙota, in ta karkace a nan to komai kyanta wata rana sai ta karye. Adon, in ji shi, a bar shi can gindi inda babu wahala.

Aikin hannu zalla, daga gungume har ƙarshe, ya ce dala dubu huɗu zuwa sama, kuma in jira shekara ko fiye don layi gare shi. Ba ciniki, ba "rage mini don Allah". Na yi shiru ina lissafin kuɗin a naira. Sai muka tsaya a tsakiya: inji ya fitar da siffar, shi ya ƙarasa. Ko hakan ma aiki ne. Yana shafa wa ƙarfen baƙin tawada, ya kwantar da shi cikin itacen, ya ɗaga, ya kankare duk inda baƙin ya taɓa, ya sake, har ƙarfe ya zauna ba rata. Sannan ya zuba ƙaron ifoksi, wato gam mai ƙarfi irin Araldite, a mazaunin, ya ratsa ƙusa mai kauri ta gefe don ta karɓi dukan harbi, ya bar bututun yana shawagi yadda takardar kuɗi za ta zarce a ƙarƙashinsa. Man da ake sa wa itacen kuwa shafi-shafi ake yi, a bari ya sha a goge, makonni ana abu ɗaya. Zanen tsaga-tsaga na wurin riƙo layi 22 ya yi a kowane inci, duk da hannu.

Da na yi ta kallonsa, ban ga abin da hannunsa ke yi wanda masassaƙan garinmu ba za su iya ba. Mutumin da ke fitar da ƙotar adaka daga ƙirya ko maɗaci da gizago da magagari, ba ma'auni sai ido, ya gama cikin kwana biyu, ba ƙaramin gwani ba ne. Inda aka bar mu a baya shi ne ɗanyen itace. A sare yau a sassaƙa jibi, damina ta kumbura shi, rani ya motsar, shi ya sa kake ganin adaka ɗaure da waya ko fatar akuya a wuya. Kuma wa zai ajiye gungume shekara biyar alhali abin da za a biya shi bai kai kuɗin buhun masara ba? Nasu masassaƙin yana iya jira ne saboda mai saye zai biya kuɗin jiran.

Ka tambaya ko zan aiko maka da ƙota. Ba zai yiwu ba, fitar da yawancin kayan bindiga daga Amurka sai da izinin gwamnati, kuma kwastan na gida ma ba za su bari ba. Abin da za ka iya a can gida shi ne ka sa a saro maka maɗaci mai miƙaƙƙiyar jijiya, ka toshe bakinsa biyu da kakin zuma, ka ɗora a rufin zaure inda iska ke ratsawa rana ba ta taɓawa, ka rubuta shekarar a jiki. Araldite da ake sayarwa a kasuwa zai yi aikin mazaunin ƙarfe, sai dai a shafa wa ƙarfen man goge takalmi tukuna, in ba haka ba ya manne ke nan har abada.

Tawa ta dawo, na gwada ta a filin harbi, harsashi uku suka taru a wurin da bai fi inci ɗaya da rabi ba daga yadi 100. Farautar elk da irin wannan bindiga a watan Oktoba take buɗewa, kuma sai da tikitin hukumar daji da riga mai ruwan lemo. In Allah ya ba da sa'a zan turo hoton ta wayar Yaya.