Wata goma sha ɗaya ina kallon kofato: sharhina kan jinyar Kili

Kwana tara bayan ƙaramar Sallar 2024 aka sauke mini Kili daga bayan a-kori-kura a ƙofar gidana a nan Sakkwato, mutum biyar suna tallabe da shi. Dokin marigayi kawuna ne, can wani ƙauye a hanyar Gwadabawa. Tun da kawu ya rasu, shekara biyu, dokin na ɗaure a turke guda, ba mai hawa, ba mai ɗaga ƙafarsa ya duba. Ya rame har kana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Da azumi ya zo ƙarshe sai yaran gidan suka tuna da shi, suna son fita hawa, suka shiga zuba masa gero da dusa ba awo, wai ya yi kumari kafin Sallah. Sun manta ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar Sallah ko taku ɗaya Kili ya ƙi yi.

Na rubuta wannan ne saboda masu doki da yawa sun tambaye ni ko likitan da na kira da mai gyaran kofaton da ya zo da shi sun cancanci kuɗin da na kashe. Ba zan ambaci sunansu ba, tunda akwai yabo akwai ƙorafi a abin da zan faɗa.

Yadda na same shi: ƙafafun gaba biyu ya miƙa su gaba can, ya janye jikinsa baya kamar mai shirin zama, duk nauyinsa a kan na baya. Kofatan gaba sun yi tsawo sun lanƙwashe sama kamar ƙahon rago, jikinsu duk zobe-zobe. In ka ɗora tafin hannu a kai zafi rau, ga wani wari daga ƙarƙashi. Kafin la'asar masu ba da shawara sun cika ƙofar gida. Wani ya ce a yi masa lalas, wani ya ce a tsaga a zubar da mataccen jini, wani ya ce baƙin mai. Ba zan ɓoye ba, baƙin man na shafa, kwana biyu, ban ga komai ba sai ƙasa da ta manne a kai. Abin kunya ne a ce muna garin da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da tsangayar likitancin dabbobi sukutum, amma mutum ya fara da man da aka tsiyaye daga injin mota.

A rana ta uku wani abokina mai kiwon shanu ya ba ni lambar wani likitan dabbobi mai zaman kansa. Abin da ya fara burge ni da shi, bai fito da allura ba sai da ya shafe kusan rabin awa yana kallo da tambaya. Ya tsuguna ya danna yatsa a bayan gaɓar da ke saman kofato, ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Jijiya na bugawa da ƙarfi, kamar yadda kake jin bugun yatsanka in ƙofa ta datse shi. Ya ce a lafiyayyen doki da ƙyar ake jin wannan bugun. Ya ɗauko wani ƙarfe mai kama da awartaki ya matsa tafin kofaton ta gaba, Kili ya zabura har ya kusa faɗuwa. Sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, me ya ci?" Da na faɗa masa labarin geron, sai ya girgiza kai kawai.

Bayanin da ya yi mini a kan yashi da tsinke shi ne abu mafi daraja da na saya a wurinsa. Ya ce sunan ciwon a wurinsu laminaitis. A cikin kofato akwai ƙashi, kuma ba zaune yake a ƙasa ba, rataye yake a jikin bangon kofaton ta hanyar wasu siraran ganyayyaki na nama, wajen 600 a kofato ɗaya, da suka saƙu da juna kamar ka haɗa yatsun hannayenka biyu. In doki ya ci hatsi da yawa a lokaci guda, musamman wanda ya daɗe bai saba ba, hatsin kan wuce zuwa babban hanji bai gama narkewa ba, ya yi tsami a can, ƙwayoyin da ke taimaka masa narkar da ciyawa su mutu, guba ta shiga jini. Ganyayyakin nan su kumbura su saki. Ga nauyin doki na dannawa ƙasa, ga jijiya na jan ƙashin ta baya, sai bakin ƙashin ya juya ya nufi tafin kofato. In ya yi tsanani yakan huda ya fito. Kuma da yake ƙafafun gaba ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, su ne suka fi shan wahala. Na Kili ya haɗu biyu: dogon kofaton da aka bari shekara biyu yana ɓamɓare bangon daga ƙashi kamar an sa masa ƙarfen ɓalle ƙusa, sannan gero ya zo ya ƙarasa.

A ranar ya yi masa allurar rigakafin tetanos, ya ba da maganin zafin ciwo, fenilbutazon, ya sa na aika a kawo yashi daga bakin gulbi aka zuba a barga har ya kusa rufe idon sawu. Sai ya tambaya ko muna da farin abin nan mara nauyi da ake tallafe sabon firji da shi a kwali. Aka samo a wurin wani mai shagon kayan wuta. Ya yanka daidai tafin kofato, ya manna da salatif mai ƙarfi. Kafin a kira magariba Kili ya ɗan dawo da ƙafafunsa ƙarƙashin jikinsa. Abin da ake zubarwa a bola ne ya ba shi sauƙin farko. Na tambaye shi batun ƙanƙara da na ji ana faɗa, ya ce gaskiya tana aiki sosai, amma a kwanakin farko ne kafin ɓarna ta zauna, kuma sai an riƙa tsoma ƙafar a ciki ba yankewa. A Sakkwato, a watan Afrilu, zafi ya haura 40, wuta kuma sai an ga dama. Na gode masa da bai sa ni asarar kuɗin ƙanƙara don kawai a ga ana yin wani abu ba.

Ga ƙorafina na farko. Bai ja mini kunne yadda ya kamata kan fenilbutazon ba. Na ga yana aiki, na ci gaba da ba shi yadda aka fara, har kwana goma sha. Kili ya daina ci, ya yi sukuku. Na buga waya sau shida kafin ya ɗauka. Sai a lokacin yake gaya mini maganin na iya cin ciki ya yi gyambo, yana kuma taɓa ƙoda, balle a dabbar da ba ta shan isasshen ruwa a irin zafinmu, kuma ya kamata a ce an rage shi tun bayan 'yan kwanaki. Ya ce ya faɗa mini. Wataƙila ya faɗa, amma yana tada babur ne a lokacin. Magani irin wannan a rubuce ake ba mutum.

Na biyu, hoton ƙashi. Ya ce zai aro na'urar da ake ɗauka a hannu daga wurin abokin aikinsa, "jibi". Jibin nan sai da ta yi mako uku. Da hoton ya fito kuwa na ga amfaninsa: ga ƙashin ya sunkuyar da baki ƙasa, tazarar da ke tsakaninsa da tafin kofato ba ta kai kaurin ɗan yatsana ba. Na dama ya fi na hagu lalacewa.

Sai zancen Baba mai gyaran kofato, dattijo ne da ya yi shekaru yana yi wa dawakin masu sarauta aiki. Ya zo da wuƙarsa da magagari a cikin tsohuwar jaka, ya dubi hoton a juye, ya miƙa wa likita. "Dokin ga, mi za a jira? A datse shi yau a huta." Likita ya ce, "Baba, gaban za ka rage, tafin kada wuƙarka ta taɓa shi. Dunduniyar kuma kaɗan-kaɗan." Baba ya ce tun ba a haifi likita ba yake yankan kofato. Na zaci aikin ya watse ke nan. Amma likitan ya rage murya, ya juya hoton daidai, ya nuna masa inda bakin ƙashin yake, ya ce in aka feƙe tafin nan ko kaɗan ƙashi ne zai taka ƙasa. Baba ya yi shiru, ya taɓa wurin da babban yatsansa, ya ji yadda yake lotsawa, ya ce, "To, Likita, riƙe mini ƙafar."

Ban taɓa ganin hannu irin na dattijon nan ba. Doki mai wannan ciwon ba ya iya tsayawa da ƙafa uku ko na minti ɗaya, don haka sai ya ɗaga, ya goga sau huɗu ko biyar, ya ajiye, ya jira, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ƙahon nan da ya lanƙwashe ya sare shi da ƙaramin zarto, sannan ya bi da magagari ya kwantar da bakin don kofaton ya riƙa mirginawa gaba ba tare da ya ɓamɓari bango ba. A ƙarƙashi, inda bango ya rabu da tafi, akwai baƙin ruɓaɓɓen abu cunkushe da ƙasa da tsakuwa. Ya kwarfe shi da bakin wuƙa a hankali, likita ya wanke da aidin ya cusa auduga. Awa biyu da rabi a kan ƙafa biyu. Daga nan duk bayan mako huɗu zuwa biyar Baba na dawowa, bai taɓa saɓa rana ba, ga shi ko waya ba ya riƙewa. In da zan ba mutum ɗaya kyauta a cikin wannan jinya, shi ne.

A wata na biyu na shiga barga da asuba na tarar Kili a kwance, ƙafar dama ba ta taɓuwa. Na ce shi ke nan. Wannan karon likita ya ɗauki waya a bugu ɗaya, ya zo ya ce ƙurji ne ya taru a ciki, kuma ana samun haka sau da yawa bayan irin wannan ciwon. Muka riƙa jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishirin Epsom safe da yamma. Rana ta huɗu ya fashe ta sama, daidai inda gashi ya haɗu da kofato, mugunya ta fita, da yamma yana tsaye yana cin ciyawa.

Takalman roba na doki da na sa wani ɗan'uwa ya aiko mini daga waje, asara ce a wurina. Na auna kofaton tun yana karkace, kafin su iso Baba ya sake masa siffa, suka yi masa yawa. Yashi kuma ya riƙa shiga yana goge masa dunduniya har fata ta saɓule. Suna nan rataye a ƙusa. Wanda zai saya ya bari a gama gyaran farko kafin ya auna.

Amma mafi wuyar abin duka ba ya cikin jakar likita. Ya hana gero, ya hana dawa, ya hana dusa. Busasshiyar ciyawa kawai, a jiƙa ta a ruwa kamar awa ɗaya a tsiyaye don zaƙin cikinta ya ragu, sai ɗan harawa kaɗan, a ba shi sau da yawa a rana maimakon tari guda. Da damina ta faɗi ya ƙara da cewa kada a kai shi fadama, sabuwar ciyawa mai zaƙi na iya tayar da ciwon kamar yadda hatsi ke yi. A wurinmu kuwa doki ba gero kamar baƙo ne ba tuwo. Maƙwabta suka fara cewa na kawo dokin marayu ina horar da shi da yunwa. Mahaifiyata da kanta na kama da ƙwarya ta nufi barga bayan isha'i. Na ce, "Inna, don Allah." Ta ce, "Ɗan loma ne, dubi yadda yake kallona." Sai da na sa likita ya yi mata bayani da bakinsa, shi ma a kan yashi da tsinke, kafin ta haƙura, kuma har yau ban tabbata ta haƙura duka ba. Abin mamaki, a kan ciyawar nan da aka raina Kili ya cike, haƙarƙarin suka ɓuya.

Kuɗi? Kowace zuwan likita na kusa da kuɗin buhun gero, ya zo sau takwas, ban da hoto da magani. Na Baba bai kai rabin haka ba. In aka tara, ya fi abin da za a sayi Kili a kara a ranar da aka kawo shi, nesa ba kusa ba. Duk da ƙorafina zan sake kiran likitan, sai dai zan sa shi ya rubuta mini komai kafin ya hau babur. Kuma ba zan kira ɗayansu ba tare da ɗayan ba.

Kofaton doki daga sama yake tsirowa, bai cika kai santimita ɗaya a wata ba, shi ya sa sai an yi kusan shekara kafin sabo ya maye tsoho gaba ɗaya. Akwai wani zurfaffen zobe da ciwon ya bari a kofaton dama, shi ya zama kalandata. Duk Juma'a sai na tsuguna na auna da yatsa yadda ya sauko, sabon kofato santsi a samansa, tsohon mai kaushi a ƙasa. Ana saura kwana goma ƙaramar Sallar 2025 magagarin Baba ya cinye na ƙarshensa.

Likita ya ce ƙashin da ya juya ba lallai ya koma daidai kamar da ba, kuma dokin da ya taɓa yin ciwon nan yana iya sakewa, don haka sukuwa a kan kwalta da tsayuwar birki irin ta jahi ba nasa ba ne. Ɗana ya so a ɗaura masa sirdi ranar Sallah, ya yi ta magiya tun daren jajibere. Na ce a'a. Da hantsi na sa masa ragama kawai, yaron ya ja shi, muka bi ta gefen hanya inda yashi yake har bakin unguwa, muka tsaya muna kallon masu hawa suna wucewa zuwa fada. Kili ya ɗaga kunne ya yi haniniya sau biyu. A hanyar dawowa muka yi kiciɓis da Baba, ya tsuguna da sabuwar rigarsa ya ɗaga ƙafar dama ya duba, ya ajiye, ya ce mako huɗu zai zo.