ScotlandsPeople ko gwajin DNA na Ancestry: amsa ga Hajiyar da ke neman Baturen kuza

Hajiya barka da ƙoƙari. Ga waɗanda ba su ga tambayarta ba, ta ce mahaifin kakarta ta wajen uwa Bature ne ɗan Sikotlan da ya yi aikin haƙar kuza a Bukuru, aka haifi kakar wajen 1929, shi kuma ya tafi gida hutu bai sake dawowa ba. Wasu a dangi na cewa a jirgin ruwa ya mutu, wasu na cewa dama yana da mata da 'ya'ya a can. Suna kawai gare su, sai hoto ɗaya. Kuɗinta kuma ba zai kai biyu ba, shi ne take tambaya wanne za ta fara, ScotlandsPeople, shafin tsofaffin takardun rajistar Sikotlan, ko gwajin DNA na kamfanin Ancestry.

Toh gaskiya ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. ScotlandsPeople zai gaya miki waye mutumin, ɗan wa, jikan wa, ya ƙare a ina. Amma ba zai taɓa gaya miki shi ne ya haifi kakarki ba, don wannan haihuwar a Filato aka yi ta, ba wanda ya kai ta rajista Edinbara, babban birnin Sikotlan. Gwajin kuwa shi ne zai nuna jininsa na jikinku, sai dai ba ruwansa da inda ya yi rayuwa ko dalilin tafiyarsa.

Bari in daɗe kan na farkon don mutanenmu ba su san daɗinsa ba. Shafin gwamnati ne, hukumar adana takardun Sikotlan ke riƙe da shi. Tun 1 ga Janairu 1855 aka wajabta rajistar haihuwa da aure da mutuwa a ƙasar, kuma takardunsu sun fi na Ingila cika nesa ba kusa ba. Ki ɗauki takardar mutuwa ɗaya kawai: sunan mamaci da sana'arsa, sunan matarsa ko matansa in ya yi aure sau biyu, sunan babansa da sana'ar baban, sunan mamarsa har da sunan gidansu kafin aure, ciwon da ya yi ajalinsa, sannan a gefe sa hannun wanda ya kawo rahoton da dangantakarsu, sai ki ga an rubuta ɗa ko matar mamaci ko maƙwabci. Layi ɗaya a littafi amma ya ba ki tsatso biyu, kuma ya raba gardamar nan ta ko yana da mata. Neman suna kyauta ne, buɗe hoton takarda ne ake biya da kiredit 6 (makin da ake saya a shafin), wajen fam ɗaya da rabi. Haihuwa sai ta wuce shekara 100 ake ganin hotonta a intanet, aure 75, mutuwa 50, to shi mutuminki da wuya bai faɗo ciki ba. Akwai ƙidayar jama'a daga 1841 har 1921, ita ta 1921 a ƙarshen 2022 aka sake ta, a nan za ki same shi yana saurayi gidan iyayensa ko gidan haya. Zancen mutuwa a jirgi ma ana iya gwada shi, suna da rajistar 'yan Sikotlan da suka mutu a teku cikin jiragen Birtaniya.

Inda yake cin kuɗin mutum shi ne suna. In sunan irin mai yawan nan ne da ke farawa da Mac, za ki tarar da mutum goma sha masu suna ɗaya an haife su shekaru kusa da juna, kuma wani magatakarda ya rubuta Mac wani Mc. Ga laƙabi, Sandy shi ne Alexander, Hamish shi ne James. Ga al'adarsu ta sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, kamar dai yadda gidan Bahaushe ke cika da su Abba da Baffa duk sunan mutum ɗaya. Kina ta buɗe takarda kiredit na ƙarewa ba ki san ko naki ba ne. In kuma a Ingila ko Najeriya ya rasu, da wuya ki ga mutuwarsa a rajistar nan.

Shi Ancestry ta ɓangaren takardun Sikotlan ba shi da ƙarfi, ƙidayar da ke wajensa kwafi ne aka buga, daga 1841 zuwa 1901, babu hoton asali. Amma yana da abin da wancan ba shi da, jerin fasinjojin jiragen ruwa masu shiga Birtaniya daga 1878 zuwa 1960. Turawan kuza da jiragen kamfanin Elder Dempster suke tafiya, Legas zuwa Libaful, kuma jerin na lokacin yana nuna shekaru da sana'a da adireshin da mutum zai sauka. Wannan adireshin shi ne zai ware miki naki daga cikin goma shan nan. Ki duba 1930 zuwa 1932 da kyau, lokacin farashin kuza ya faɗi warwas, a 1931 aka yi yarjejeniyar rage haƙa wadda har Najeriya na ciki, aka sallami ma'aikata da yawa. Ba lallai mugunta ce ta hana shi dawowa ba, mai yiwuwa aikin ne ya mutu yana can.

Sai gwajin. Miyau ake tofawa a 'yar kwalba a aika, sai su haɗa ki da duk mai jini ɗaya da ke cikin mutum sama da miliyan 20 da suka yi. Dan Allah kar ki yi da kanki tukuna, Mama za a yi wa. Ita kusan kashi 25 cikin 100 ta ɗauko daga gare shi, ke kusan 12 da rabi. In ya haifi wasu a can, jikokinsa za su fito wa Mama da wajen kashi 6, abin da ba ya ɓuya. Illarsa tsada, ga jira, kuma in ba wanda ya yi gwajin a danginsa na kusa sai ki ga tarin 'yan uwa na nesa da sai an zauna an haɗa su ɗaya bayan ɗaya.

Ni dai da ni ce, gwajin Mama zan fara, saboda shekarunta, takardun Edinbara ba inda za su. Kafin sakamako ya fito ki yi ta neman suna kyauta a ScotlandsPeople, kar ki sayi kiredit sai kin samu adireshinsa a jerin fasinjojin jirgi. In sakamako ya fito kika ga wani na kusa, ki rubuta masa a hankali, ki fara da shekara da wurin aiki da hoton, don yawancinsu ba su taɓa jin kakansu ya bar 'ya a Najeriya ba, wani zai yi murna wani zai yi shiru, ki ba shi lokaci. Ki kuma juya bayan hoton nan ki duba, in akwai hatimin mai ɗaukar hoto da sunan gari ki turo mana.