Gilashin 35mm f/1.8 a Japan: inda ya yi rawar gani da inda ya gaza

Gilashi ɗaya tak na ɗaura wa kyamara a tafiya biyu zuwa Japan, ɗaya a watan Yuli, ɗaya a Oktoba: 35mm mai buɗin ido f/1.8, irin wanda ba ya jawo abu kusa, sai dai mai hoto ya taka da ƙafarsa. Nauyinsa wajen giram 300 ne, alhali gilashi mai jawowa na 24-70mm f/2.8 yakan kai giram 700 zuwa 900. Hukuncina shi ne ya ci kuɗinsa a haikali da bikin dare, ya yi dama-dama a ƙauye, ya kuma faɗi warwas a duk inda abin ɗauka ya yi nisa. Lissafin da zan kawo na kyamara mai cikakken faifan ɗauka ne, wato mai babban faifan da ke karɓar haske a ciki (full frame). Mai ƙaramin faifai na APS-C sai ya nemi 23mm ya sami faɗi iri ɗaya.

Abin da ya sa wannan gilashi ya dace da Japan doka ce, kafin ma a zo maganar kyan hoto. Haikalai da yawa a Kyoto da Nara sun hana kafa sanda mai ƙafa uku, wasu har da filasha. Ga duhu a ciki, ga katako baƙi mai shanye haske. To idan ba sanda ba filasha, buɗin ido kaɗai ya rage maka. f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki biyar na f/4. Wato hoton da za ka ɗauka a ISO 1600 (ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamara) da wannan, da gilashin f/4 sai ka kai ISO 8000, hoton ya cika da tsaki-tsaki.

A babban zauren Todai-ji da ke Nara, inda mutum-mutumin Buddha mai tsayin kusan mita 15 yake, an yarda a yi hoto da hannu. Ka fara da f/2, ƙiftawa 1/60 na daƙiƙa, ISO 1600, ka duba ka gyara. Ka jingina gwiwar hannu a ƙirji, ka danna bayan ka fitar da numfashi. A haikalin Sanjusangen-do na Kyoto kuwa, mai mutum-mutumai 1,001, an hana hoto a ciki ɗungurungum, don haka rufe gilashin ka sa a jaka. Wuraren nan na ibada ne ga masu su, kuma akan cire takalmi a da yawansu, sai ka sa wanda ba ya cin lokaci wajen cirewa.

Fushimi Inari, wurin ibada da ke Kyoto, shi ne ya fi nuna gwanintar gilashin. Wurin a buɗe yake dare da rana, ba a biyan ko sisi, kuma jerin ƙofofin nan ja masu suna torii sun hau dutse mai tsayin mita 233. Faɗin 35mm ya isa ya kama ramin ƙofofin ba tare da ya lanƙwasa ginshiƙan gefe ba, abin da 16mm ko 20mm ke yi. Kuskuren da kowa ke yi a nan shi ne barin kyamara ta auna haske da kanta. Jan launin yakan ƙone tun kafin sauran launuka, sai rubutun da ke jikin ginshiƙi ya dishe. Rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki ɗaya, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da ake gyarawa daga baya. Idan kana son ramin ya fito tas, sa f/8 ka saita kaifin hoto (focus) a mita 5: daga wajen mita 2.5 har ƙurewar gani komai zai fito garau. Ka iso kafin bakwai na safe, ko ka haura sama zuwa mahaɗar Yotsutsuji, inda jama'a ke raguwa sosai. Haikalin Kiyomizu-dera na Kyoto ma yana buɗewa da shida na safe, ana iya raba su kwana biyu.

Kinkaku-ji, haikalin Kyoto da aka lulluɓe da zinare, bai ba shi wahala ba, bai kuma ba shi damar burgewa ba. Ana buɗewa da tara, wurin tsayawa a bakin tafki kusan ɗaya ne, hoton kowa iri ɗaya. Zinaren na walƙiya, a rage haske kaɗan. Mai amfani da matatar kashe ƙyalli kada ya murɗa ta har ƙarshe, don za ta share inuwar ginin da ke cikin ruwa, kuma ita ce rabin hoton.

Bikin Gion na Kyoto ya gwada shi ta fuska biyu. Da daren Yoiyama, wato jajibirin bikin, 14 zuwa 16 ga Yuli, ana girke manyan amalanken bikin a tituna, an rataya musu fitilun takarda jere-jere. A nan ba shi da na biyu: f/2, 1/125, ISO 1600, launin haske a kulle wajen 3800K don kada kyamara ta wanke ɗumin fitilar ta mai da shi fari. Ka auna haske a jikin fitila, ka bar sararin sama ya yi duhunsa. Minti ashirin zuwa talatin bayan faɗuwar rana sun fi tsakar dare, saboda sama na da sauran shuɗi. A kula da f/1.8 a kan mutane: a nisan mita 2, abin da zai fito garau bai wuce santimita 35 ba, in mutum biyu ba a layi ɗaya suke ba ɗayan zai dushe. f/2.8 ya fi aminci.

Akwai wata matsala da ake ɗora wa gilashi laifinta alhali ba nasa ba ne. Idan ka ga ratsi-ratsi a kwance cikin hoton fitilu ko na shaguna, ƙiftawar wutar lantarki ce. Yammacin Japan, har da Kyoto da Takayama, na kan 60Hz, gabas kamar Tokyo na kan 50Hz. A Kyoto ka tsaya a 1/60 ko 1/125, a Tokyo 1/50 ko 1/100, ka kuma kashe ɗauka marar sauti, don ita ke ƙara fito da ratsin.

Ranar jerin gwano, 17 ga Yuli, labari ya sha bamban. Manyan amalanken da ake kira hoko suna kai mita 25 a tsaye, nauyi har tan 12. Kafin ɗaya ta shiga hoto daga taya zuwa tsini, ko da ka juya kyamara a tsaye, sai ka ja baya wajen mita 25, kuma cunkoso ba zai bar ka ba. Sannan abin kallo na gaske shi ne juya amalanke a mahaɗa irin Shijo-Kawaramachi, inda ake shimfiɗa tsagaggen gora a yayyafa ruwa a ja tayoyin ta gefe. Daga bayan shinge, fuskokin masu ja sun yi ƙanana ƙwarai a 35mm. Wannan aikin 70-200mm ne, ba wata dabara da za ta maye gurbinsa sai zuwa da wuri a kama layin gaba.

Bikin kaka na garin Takayama, 9 da 10 ga Oktoba, ya fi yi masa daɗi, domin amalankensa 11 sun fi ƙanana, titunan kuma matsattsu ne, kana kusa da komai. Daren farko ne ake kunna fitilu. In an yi ruwa ba a fito da su, sai dai a buɗe ƙofar ma'ajiyarsu a leƙa. 'Yar tsanar karakuri da ake sarrafawa da zare a saman amalanke ita ma ta fi ƙarfin 35mm.

Shirakawa-go, yankin ƙauyuka masu tsofaffin gidaje da ke tafiyar kusan minti 50 a bas daga Takayama, na cikin jerin kayan tarihi na UNESCO tun 1995. A cikin ƙauyen Ogimachi gilashin ya yi kyau: gida mai jinkar ciyawa da ta miƙe kusan digiri 60, da gonar shinkafa a gabansa, duk suna shiga a hoto ɗaya. A saman bene na gidan Wada, inda hayaƙin murhu ya mai da azara baƙa wuluk, f/1.8 ya sake biyan kuɗinsa. Amma daga tudun Shiroyama, inda ake hango ƙauyen gaba ɗaya, gidajen sun zama kamar ƙwayar gero. 85mm zuwa 135mm ake so a can. Mutane na zaune a gidajen nan, kada a taka kunyar gona ko a leƙa taga don neman kusurwa.

Aibin gilashin kansa ba su da yawa. A f/1.8 kusurwoyi na yin duhu, ɗigon fitilun gefe kuma na yin fiffike, f/2.8 na gyara duka biyun. Inda bakin rufi ya haɗu da farin sama akan ga siririn layi mai launin shunayya, manhajar gyaran hoto na cire shi da dannawa ɗaya. Wanda na yi amfani da shi ba shi da kariyar ruwa, kuma Yuli a Kyoto zafi ne da gumi. Fitowa daga ɗaki mai sanyin na'ura kai tsaye zuwa titi na sa raɓa ta rufe gilashin, gogewa kuwa ba ta magani tunda jikinsa ne ke da sanyi. Sa kyamarar a leda mai zik tun a ɗaki, ka bar ta minti ashirin zuwa talatin a waje kafin ka buɗe.

A unguwar Gion, tun 2019 an hana hoto a lungunan da ke mallakar mutane, tarar yen 10,000 ce, kuma tare geiko ko maiko, matan da ke nishaɗantarwa da kiɗa da rawar gargajiya da masu koyon sana'ar, a hanya don hoto abin kunya ne ko ba tara. Da 35mm dole ka matso kusa da mutum, saboda haka neman izini ya zama wajibi: ka ce "sumimasen", wato "gafara dai", ka nuna kyamara, ka jira a gyaɗa kai. Ga wanda zai tashi daga Najeriya kuma, wutar Japan volt 100 ce, soket ɗinta mai baki biyu falle-falle, filoginmu mai ƙafa uku ba zai shiga ba. Duba jikin cajar batir ka tabbatar an rubuta 100-240V, ka sayi adafta tun a gida.