Wane ice za ka saya in za ka yi wa wuƙarka ƙota da hannunka?

Duk shekara in Babbar Sallah ta matso sai ka ga an fito da wuƙaƙe masu kyau, ƙarfen lafiya lau amma ƙotar ta tsage, an naɗe da robar tayar keke ana ta fama. Wallahi abin yana damuna, don ƙaramin aiki ne ka gyara ta da kanka in ka san abin da za ka saya.

Ka fara duba gindin wuƙar tukuna. In mai faɗi ne da huji biyu ko uku, ɓari biyu na katako za ka yanka ka haɗa su da ƙusa, wannan shi ya fi wa sabon hannu sauƙi. In kuma irin ta maƙeranmu ce mai siririyar wutsiya kamar tsinke, guntun ice ɗaya za ka huda ka cusa ta ciki.

To batun ice, nan ne mutane ke ɓata kuɗi. Kowa zai ce maka ƙirya, kuma gaskiya ne ƙirya ba ta da wasa, ita ake sassaƙa turmi da ita, maƙera ma gawayinta suke nema, gara ba ta cinta. Amma ɗan koyo da ƙaramin zarto da magagari ɗaya, ƙirya za ta gajiyar da kai tun kafin ƙotar ta ɗauki siffa, wurin huji ma sai ka ga hayaƙi na tashi. Marke ma haka, ƙarfi kamar me, ka bar su sai wuƙa ta uku ko ta huɗu. Ni maɗaci nake ba kowa shawara, yana yankuwa ba gardama, ja ne mai kyau in ya sha mai, kuma ba sai ka sayi falanki guda ba, ka je wajen kafinta ko 'Yan Katako na Na'ibawa in kana Kano ka nemi ragowar yanka, tsawon santimita 12 da kaurin santimita 1 kowane ɓari ya ishe ka. In babu shi darbejiya ma tana yi, ga ta ko'ina. Aduwa, wadda ake allon karatu da ita, tana santsi sosai a hannu. Maɗobiya kam ta fi su kyan zane, sai dai an sare ta an yi ta lodi zuwa China har ta yi ƙaranci, tun 2017 aka sa wa cinikinta tsakanin ƙasashe takunkumi, in ba guntun tsohuwar kujera ka samu ba ka haƙura. Farin katako irin na silin da malaina kar ma ka ɗauka, farce na shiga, ruwan wanke-wanke zai cinye su.

Amma fa duk sunan icen da aka faɗa maka, in ɗanye ne ka bar shi. Hunturu na zuwa zai tsotse ya tsage ƙusa ta fara rawa. Ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙara ƙwas, busasshen darbejiya ya fi ɗanyar ƙirya sau goma.

Sai gam. Top Bond na katako da katako ne, ba ya riƙe ƙarfe, supa gulu kuma yana fashewa in wuƙa ta daki ƙashi. Ka sayi Araldite mai tub biyu, ka zaɓi mai jinkirin bushewa wanda ke kwana, mai minti 5 zai kama kafin ka gama daidaita ɓarin biyu. Ƙusa kuwa ta kafinta tana tsatsa ta baƙanta icen, ka tambayi masu walda guntun sandar tagulla daidai faɗin hujin.

Samfefa lamba 80 da 120 da 220, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma don Allah ka naɗe kaifin da kwali da salatif kafin ka fara goga. In ka gama kar ka shafa banish, ɓarewa yake a hannu, baƙin man inji kuma ba na wuƙar nama ba ne. Ka narka kakin zuma da ɗan man kaɗe ka murza da tsumma, ka bari ya kwana, gobe ka ƙara.