Holga 120N a lungunan Balad: kyamarar roba mai nata kalar hoto

Holga 120N roba ce daga jikinta har idonta, wato lens ɗin da haske ke shiga ta cikinsa. Ba batir, ba allo, ba nauyi. A Hong Kong aka fara ƙera Holga a farkon shekarun 1980 don masu ƙaramin ƙarfi, daga baya masu son hoto suka rungume ta. Ni ta intanet na yo odarta zuwa nan Jidda, kuma mafi yawan aikinta a Balad, wato tsohon garin Jidda, take yi.

Irin hoton da take fitarwa ne ya ja ni. Tsakiya ta fito tas, gefe ya yi dishi-dishi, kusurwoyin nan huɗu su yi duhu. A wani wuri wannan aibi ne, amma a Balad ya zauna daram. Na tsaya kusa da Gidan Nasif da la'asar na ɗauki tagogin katakon nan da ake kira rawashin. Da aka wanke, sassaƙar tagar tsakiya ta fito ɗaya bayan ɗaya, bangon dutsen murjani kuwa ya narke cikin inuwa, sai ka ce hoton da aka zaro daga akwatin kaka. Wayata ta ɗauki wurin nan sau da yawa, ba ta taɓa ba ni haka ba.

Sarrafa ta ba wuya. A jikin idon akwai zane huɗu: mutum ɗaya, mutum uku, taro, da dutse. Ka kintaci nisa ka juya. Gudun ɗaukarta ɗaya ne, kusan 1/100 na daƙiƙa, sai harafin B na barin ido a buɗe. Fim mai lamba 120 take ci, hoto 12 masu murabba'i, kana murɗawa kana leƙa lamba ta wata 'yar jar taga a baya. In ba ka murɗa ba ka sake latsawa, hoto biyu za su hau kan juna, ni kuwa da gangan nake yin haka wani lokaci.

An san Holga da yoyon haske, kuma ranar Jidda ba ta da sauƙi. Baƙin salatif na masu aikin wuta nake bi gefen murfin da shi, in rufe jar tagar ma. In ina son harshen hasken da ke yoyowa ya shigo hoton, sai in bar gefe ɗaya. A fili fim mai ƙarfin 100 (wato ISO, ma'aunin saurin kama haske) ya isa, a lungu mai inuwa sai 400, kamar Ilford HP5 Plus. Kada ka bar fim a mota da rana, firji ne wurinsa.

Kuma mutane ba sa tsoronta. Wani dattijo Bahaushe a kasuwar Alawi, da na ce, "Baba, ka yarda in ɗauke ka?" sai ya juya ta a hannunsa ya ce, "Ɗana, wannan abar tana ɗauka kuwa?" Sannan ya gyara zama. Neman izini dai wajibi ne a ƙasar nan.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne fim da wanki. Masu wanke 120 ba su da yawa, sai ka yi cigiya, ka kuma yi haƙurin jira. Mai son hoton biki ko fasfo ya riƙe wayarsa. Wanda ke son gwadawa kuwa ya fara da fari da baƙi, ya sayi salatif tun kafin kyamarar ta iso.