PhET a ajin Fiziks: abin da yake iya yi da inda yake gazawa

PhET shafin intanet ne na gwaje-gwajen kimiyya da ake yi a allon kwamfuta, na Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel ta Fiziks ta 2001, ya kafa a 2002. Kyauta ne. Kowane gwaji na HTML5 fayil ɗaya ne, ana sauke shi sau ɗaya a buɗe a kwamfuta ko waya ba tare da data ba. Mun yi aiki da shi da ɗaliban SS2, kuma guda biyu ne suka fi biyan buƙata: Pendulum Lab (gwajin lilo) da Circuit Construction Kit: DC (gwajin haɗa da'irar lantarki).

A Pendulum Lab, tsawon zaren lilo yana tashi daga mita 0.1 zuwa mita 1. A sa shi a 0.25, je-ka-dawo ɗaya zai ɗauki kusan daƙiƙa 1.0, a kai shi mita 1, ya koma 2.0. Nan take yaro ya ga cewa sai an ninka tsawo sau huɗu kafin lokaci ya ninka sau biyu. A canza nauyin dalmar da ke rataye a zaren, lokaci ba ya motsi, abin da yara ba sa yarda da shi idan a allo kawai aka faɗa. A ɗauki tsawo biyar, a zana giraf na T² da L (T lokacin je-ka-dawo, L tsawon zare), gangarensa ya fito kusan 4.0, daga nan a raba 4π² da shi a sami g, wato ƙarfin jan ƙasa, wajen 9.8. Wanda ya gama da wuri a tura shi Planet X, wata duniyar ƙirƙira da ke cikin manhajar, ya nemo nata g ɗin da kansa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jan lilon da nisa. Yara suna son su ga yana shillo sosai, sai su ja shi digiri 60, lokacin ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, g ya fito ƙasa da yadda ya kamata. Dokar T = 2π√(L/g) ta ƙaramar kusurwa ce, don haka kada a wuce digiri 10.

Akwai wani tarko kuma, na manhajar kanta. Tana da agogon da ke ba da lokacin je-ka-dawo kai tsaye. A hana amfani da shi. A sa su ƙirga 20 da agogon dannawa su raba, kamar yadda za su yi a firatikal na WAEC ko NECO. In ba haka ba, ɗigon giraf duk za su hau layi tsaf, yaro bai taɓa koyon jan layin da ya fi dacewa ba.

Ɓangaren lantarki ya fi burge mu. Batir mai bolt 9 da resista mai om 10 suna ba da amfiya 0.9. Idan yaro ya haɗa bakuna biyu na batir ɗaya da waya zalla, wuta ce ke kamawa a allo, ba a yi asarar komai ba sai dariya. Amma batirin da ke ciki ba shi da turjiyar ciki sai an ƙara masa a shafin Lab. A sa om 1, amita ta sauko kusan 0.82, boltmita ta nuna 8.2 maimakon 9. Ba tare da wannan ba, darasin E = I(R + r), inda r ita ce turjiyar cikin batir, ba zai zauna ba.

Inda PhET ya gaza a fili yake. Babu wayar da ta saki, babu allurar amita da ba ta tsaya a sifiri ba, babu kallon rula a karkace. Waɗannan kuwa su ne matakan kiyayewar da ake tambaya a jarrabawa. A ƙaramin allon waya ma haɗa wayoyi da yatsa wahala ne, majigi ko kwamfuta sun fi. Shawararmu a yi darasi ɗaya da shi, mako na gaba a kawo zare, dalma da batir na gaske.