Fiyano mai saitin da: wanne ya kamata ka saya?

Kafin ka ciro kuɗi, je shagon fiyano ka danna maɓallan C da E tare, ka riƙe, ka kasa kunne. Za ka ji sautin yana ɗan rawa kamar ruwan da aka girgiza. Saiti shi ne yadda ake daidaita tazarar da ke tsakanin sautukan fiyano, kuma wannan saitin zamani ne, wanda ya raba tazarar C zuwa C ta sama gida 12 daidai wa daida, kowane gida maki 100. C da E sun zama maki 400, alhali tsantsar jituwarsu tana wajen 386; wannan bambancin ne ke jawo rawar. Wannan saiti bai zama ruwan dare a fiyano ba sai a ƙarni na 19, bayan shahararrun masu tsara kiɗa Bach da Mozart sun daɗe da rasuwa.

A saitin da mai suna Meantone, wanda Pietro Aaron ya bayyana a Italiya a 1523, rawar nan tana tsayawa cak, sautin ya kwanta kamar ruwan randa. Amma taɓa G# da Eb ka ji kuka marar daɗi, shi ya sa Turawa suka kira shi kukan kyarkeci. Masana kiɗa na Jamus, Werckmeister a 1691, da Kirnberger, almajirin Bach, sun raba wannan aibi a wurare da yawa, sai kowane maɓalli (a nan ina nufin jerin sautukan da ake gina waƙa a kansu) ya bugu, kuma kowanne da launinsa: C a natse, F# da kaifi. A ganina, nan daɗin yake. Idan mawaƙi ya ƙaura daga maɓalli zuwa wani, za ka ji kamar an fita daga inuwa zuwa rana.

To, ta ina za ka samu wannan?

Fiyanon katako shi ne mafi zaƙin murya, amma tsirkiyarsa ta haura 200, kuma duk sauyin saiti sai ka kira gwani ka biya. Ga hunturu, wanda ke busar da katako ya wargaza saitin. Saiti ɗaya kuma za ka zauna da shi, ya dace da Bach, ya ƙi dacewa da kiɗan baya-baya irin na Debussy na Faransa.

Manhajar kwamfuta irin Pianoteq ta Faransa tana karɓar kowane saiti da ka ga dama, sai dai tana bukatar kwamfuta (ko iPhone ko iPad) da allon maɓallai daban.

Ni dai fiyanon lantarki nake ba da shawara. Da yawa daga na Yamaha, Roland da Kawai suna ɗauke da Meantone, Werckmeister da Kirnberger, danna biyu ka sauya. Ba dukansu ba fa, musamman masu araha, don haka karɓi littafin bayanin na'urar ka duba da idonka. Tabbatar yana barin ka zaɓi sautin tushe, wato wanda ake gina saitin a kansa, in ba haka ba kyarkecin zai tare inda kake son bugawa. Duba kuma ko ana iya sauke sautin A daga girgiza 440 a daƙiƙa zuwa 415, inda masu kiɗan zamanin Bach suka fi ajiye shi a yau.